Kunne da Alƙalami: Tarihin Makaɗan Garayar Ayalan

Gabatarwa

Ranar 11 ga watan Yuli na shekarar 1792, a wani zauren taro da ke tsakiyar birnin Belfas, can arewacin tsibirin Ayalan, aka tara makaɗa goma 'yan ƙasa, tare da baƙo guda da ya zo daga ƙasar Wels. Shida daga cikin goman nan makafi ne. Babbansu an ce shekararsa 97 a duniya, ƙaraminsu kuwa yaro ne ɗan shekara 15, sa'an nan mace ɗaya ce tak a cikinsu. Duk kiɗan da suka zo da shi da ka suka riƙe shi, kamar yadda malamansu suka riƙe. A gefe guda kuma ga wani saurayi ɗan shekara 19 zaune da takarda da alƙalami, an ɗauko shi musamman domin ya rubuta abin da kunnensa zai ji.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan sana'a, mu ga yadda ta rayu ɗaruruwan shekaru daga kunne zuwa kunne, sa'an nan mu ga abin da ya same ta ranar da ta gamu da alƙalami. Na ga labarin ya dace da mu masu riƙon alƙalami, domin kuwa saurayin nan ya yi aikin alheri kuma ya yi ɓarna, duk a cikin littattafai guda.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa abin kiɗan da za mu yi magana a kansa ba mu da irinsa a Hausa. Masu shi suna kiran sa cláirseach a harshensu. Ni dai zan riƙa ce masa garayar Ayalan, domin tsirkiya gare shi kuma da yatsu ake kaɗa shi, amma ƙirarsa daban take da garayar da muka sani.

Garayar da Matsayin Mai Ita

Garayar Ayalan kusurwa uku gare ta. Akwai akwatin sauti, wanda akan fafe daga gungume guda kamar yadda ake fafe turmi. Akwai lanƙwasasshen wuya daga sama, sai kuma ginshiƙi daga gaba wanda ya tokare su biyun. Tsakaninsu aka jera tsirkiyoyi kimanin 30, dukkansu na wayar tagulla. Makaɗi yakan zauna ya jingina ta a kafaɗarsa ta hagu, hannun hagu yana kan gajerun tsirkiyoyi masu siririn sauti, na dama kuma yana kan dogaye masu kaurin murya. Da dogon farce ake kaɗa ta. Da yake tagulla ce, in an taɓa tsirkiya sai ta yi ta amo kamar ƙararrawa, ba ta saurin yin shiru. Saboda haka tilas makaɗi ya iya danne tsirkiyar da ta gama aikinta da wani yatsa, a daidai lokacin da yake kaɗa ta gaba, in ba haka ba sautukan su cakuɗe su zama hayaniya. Mai karatu ya riƙe wannan batu na dannewa, za mu dawo gare shi.

Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. Tsofaffin dokokin Ayalan sun ware makaɗin garaya daga cikin sauran makaɗa, suka ba shi matsayin ɗa mai daraja ta kansa. Wani malamin coci mai suna Gerald, mutumin Wels, ya je ƙasar a 1185 cikin ayarin Yarima John na Ingila, ya kuma rubuta littafi a kanta. Babu irin kushen da bai yi wa mutanen ba, amma da ya zo kan kiɗansu sai ya sauko, ya amsa cewa bai ga al'ummar da ta kai su gwaninta ba, yana mamakin saurin yatsunsu da daɗin abin da ke fitowa. Yabon maƙiyi kuwa ya fi na masoyi nauyi. A tatsuniyoyinsu ma akan ce cikakken makaɗi shi ne wanda ya iya kiɗa iri uku: mai sa kuka, da mai sa dariya, da mai sa barci.

A fadar sarakunansu mutum uku ke haɗuwa kafin waƙar yabo ta cika. Sha'iri ya tsara baitoci, mai rerawa ya tashi ya rera su, makaɗin garaya kuma ya raka shi. Sha'iran nan masu karatu da rubutu ne, shi ya sa har yau akwai waƙoƙinsu kimanin 2,000 a rubuce. Amma kiɗan da ke raka waƙoƙin ba a taɓa rubuta shi ba, kuma ya tafi tare da masu shi. Abin da ya rage daga wancan zamani sai 'yan garayu ƙalilan. Mafi shahara ita ce wadda ke ajiye a Kwalejin Trinity ta birnin Dablin. An daɗe ana cewa ta Sarki Brian Boru ce, wanda ya rasu a 1014, amma bincike ya nuna a ƙarni na 14 ko na 15 aka yi ta. Siffarta ce ke jikin tambarin Jamhuriyar Ayalan da kuma sulallanta.

Yadda Ake Koyo

Me ya sa makafi suka yi yawa a sana'ar? Dalilin shi ne ciwon agana, wanda ya yi ta makantar da yara a ƙarni na 17 da na 18. Yaron da ya rasa idanunsa ba zai yi noma ba, saboda haka iyayensa, ko wani mai hali a unguwa, sukan kai shi wurin makaɗi ya koyi abin da zai ci abinci da mutunci. Sau da yawa malamin ma makaho ne. Ke nan babu maganar takarda ko allo, abin da ke tsakaninsu kunne ne da yatsu.

Mu ɗauki misalin tsohon nan mai shekara 97, wato Denis Hempson. An ruwaito cewa an haife shi a 1695 a yankin Derry, agana ta makantar da shi yana da shekara 3, ya kuma fara koyo yana da shekara 12 a hannun wata mata mai suna Bridget O'Cahan. Bayan ita sai da ya zauna gaban malamai uku, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya fara yawo da garayarsa yana da shekara 18. Shekara shida ke nan yana koyo.

Karatun kuma yana da tsari. Akwai kaɗe-kaɗen da kowane ɗalibi ke farawa da su, kamar yadda ake fara wa yaro da babbaƙu kafin farfaru. Uku daga cikinsu sun iso gare mu: Mailí Bhán, da Féileacán, wato malam-buɗe-littafi, da kuma wanda ake kira Burns's March. Biyun farko gajeru ne, an gina su yadda yatsu za su saba da kaɗawa da dannewa a lokaci guda. Na ukun yana da ɗan gindi da ake komowa gare shi kamar amshi, bayan kowace komowa sai a ƙara wani sabon ado wanda ya fi na baya wuya. Kafin yaro ya kai ƙarshensa ya riga ya bi ta kan yawancin motsin da zai buƙata.

Har ila yau, motsin yatsu iri-iri kowane da sunansa a harshen Ayalan, haka ma wasu daga cikin tsirkiyoyin. Wannan ya zama dole, domin malamin da ba ya gani ba zai ce wa ɗalibin da ba ya gani "dubi nan" ba, sai dai ya kira suna. A tsakiyar garayar akwai tsirkiya biyu da ake ɗaurewa a kan murya ɗaya, ana ce musu na comhluighe, ma'ana masu kwance tare. Daga kansu ake fara daidaita sauran, kuma su ne alamar da hannu ke lalubawa ya san inda yake. In an gama ɗauri, akwai wani ɗan kiɗan share fage da ake yi domin a ji ko komai ya zauna daidai.

Rushewar Fada

Sana'ar da ta dogara da fada, in fada ta faɗi sai ta shiga uku. A 1601 sojojin Ingila suka ci sarakunan Ayalan da yaƙi a Kinsale. A 1607 manyan sarakunan arewa suka shiga jirgin ruwa suka bar ƙasar, ba su sake komowa ba. Aka raba gonakinsu ga baƙi daga Ingila da Sikotlan. Yaƙin Cromwell da ya fara a 1649, da yaƙe-yaƙen 1690 da 1691, suka ƙarasa abin da ya rage. Makarantun sha'irai suka watse.

Makaɗan garaya ba su ƙare nan take ba, sai dai sun koma 'yan yawo. Makaɗi ya hau doki, ɗan jagora yana ɗauke da garaya, su sauka gidan wannan mai hali su yi mako ko wata, sa'an nan su wuce gaba. Iyayen gidan nasu kuwa sun haɗa da ragowar tsofaffin gidaje da kuma sababbin masu ƙasa, waɗanda kunnensu ya saba da kiɗan Italiya da ake yayi a Turai. Mukan ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. A nan masu rawar ne suka sauya, kiɗan ya bi su.

Babu wanda ya nuna wannan kamar Turlough O'Carolan, wanda aka haifa a 1670 kusa da garin Nobber. Shi sai da ya kai shekara 18 agana ta makantar da shi. Uwargidan iyalin MacDermott Roe, inda mahaifinsa ke aiki, ta sa aka koya masa garaya shekara uku, sa'an nan ta ba shi doki da ɗan jagora da guzuri. Da yake ya fara da girma, hannunsa bai kai na gwanaye ba, amma kansa cike yake da sabon kiɗa. Ya yi kusan shekara 50 yana yawo, kusan duk gidan da ya sauka sai ya tsara wa mai gidan ko uwargida takensu, galibi tare da waƙa. Kaɗe-kaɗe fiye da 200 ake danganta masa, kuma a cikinsu ana jin tsohon salon gida gauraye da na Italiya, wanda shi ma da kunne ya ɗauke shi a gidajen da yake sauka. Marubuci Oliver Goldsmith ya kawo labari a 1760 cewa Carolan ya taɓa sauraron wani gwanin goge yana kaɗa wani dogon kiɗa na Vivaldi, da aka gama sai ya ɗauki garayarsa ya maimaita shi daga farko har ƙarshe. Ko da an ƙara wa labarin gishiri, ya nuna irin kunnen da mutane suka san shi da shi. Ya rasu ranar 25 ga Maris, 1738.

Taron Belfas

Bayan Carolan sana'ar ta yi ta ja da baya. Masu hali suka koma sayen fiyano domin 'ya'yansu mata. A shekarun 1780 wani ɗan kasuwa mai suna James Dungan, wanda ke zaune a Kofanhegan, ya aiko da kuɗi aka yi gasa sau uku a garinsu Granard, amma ba a rubuta kiɗan da aka yi ba.

Waɗanda suka shirya taron Belfas sun yi niyyar gyara wannan. Jagoransu wani likita ne, James MacDonnell, wanda tun yana yaro makaho Arthur O'Neill ya zauna gidansu ya koya masa garaya. Shi da abokansa suka ɗauko Edward Bunting, haifaffen Armagh a 1773, wanda ke kaɗa ogan a wani coci a Belfas kuma ya ƙware a rubutun kiɗa irin na Turai. Suka gargaɗe shi kada ya ƙara ko sauti ɗaya a kan abin da ya ji. Shi da kansa ya faɗi haka a gabatarwar littafinsa na farko.

Taron ya zo daidai da bikin cika shekara uku da juyin juya halin Faransa, gari ya cika da 'yan siyasa. Ɗaya daga cikinsu, Wolfe Tone, ya leƙa zauren, ya koma ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa abin ya gundure shi. Charles Fanning ya zo na ɗaya ya karɓi gini 10, Arthur O'Neill ya zo na biyu ya karɓi gini 8, gini guda kuwa ya ɗan ɗara fam ɗaya. Tsoho Hempson bai zo na ɗaya ba, bai zo na biyu ba. Amma Bunting ya lura da abin da alƙalan ba su ba muhimmanci ba: Hempson kaɗai ne ya rage yana kaɗawa da dogon farce, sauran duk sun koma amfani da tsokar yatsa. Kuma kiɗan da ke kansa ya girmi na kowa.

Saboda haka bayan taro Bunting ya bi shi har gida a Magilligan, ya yi ta komawa. Aikin bai zo da sauƙi ba. Tsohon ba ya son fito da tsofaffin kaɗe-kaɗen, yana cewa babu amfani, sun yi wa mutanen yanzu wuya, kuma suna tuna masa da abin da ba ya son tunawa. Ɗan kiɗan share fagen nan ma da ƙyar aka lallashe shi ya kaɗa, shi ma bai ba da shi duka ba. Wani limamin coci da ya ziyarce shi a 1805 ya iske shi kwance a gado, garayar tana cikin bargo tare da shi. Ya rasu a 1807, an ce yana da shekara 112, kuma kiɗa da farce ya bi shi kabari.

Abin da Takarda Ta Kama da Abin da Ya Kuɓuce

Bunting ya buga littattafai uku. Na farko ya fito wajen 1796 da kiɗa 66, na biyu a 1809, na uku kuma a 1840, shekara uku kafin rasuwarsa. Gaskiya ɗaya ce: ba domin shi ba, da yawancin kiɗan nan ya ɓace kamar yadda na fada ya ɓace.

To amma fa bai cika alkawarin da ya ɗauka ba. Masu sayen littattafansa 'yan birni ne masu fiyano, shi ma da fiyano ya tashi, saboda haka sai ya gyara kaɗe-kaɗen su dace da fiyano. Ya mayar da wasu kan muryoyin da garayar ba ta da tsirkiyarsu sam. Makaɗan garaya sukan raka kiɗa da 'yan sautuka kaɗan daga hannun dama, domin amon tagulla yana cike gurbin, shi kuwa sai ya cika gurbin da tarin sautuka irin na Turai. Dannewar nan da na ce a riƙe, wadda ita ce rabin sana'ar, ba ta fito a kiɗan da aka buga ba, domin mai fiyano ba ya buƙatarta. In da za a kaɗa wa Hempson wasu shafukan, da wuya ya yarda nasa ne.

Ɓarna ta biyu ta fi shafarmu. Da yawa daga cikin kaɗe-kaɗen nan waƙoƙi ne, Bunting kuwa bai ƙware a harshen Ayalan ba. A 1802 aka aiki wani malamin harshen, Patrick Lynch, ya zaga yammacin ƙasar yana rubuta baitocin daga bakin mawaƙa. Ya dawo da waƙoƙi masu yawa. Amma da littafin 1809 ya fito, babu baitocin Lynch a ciki, sai wasu waƙoƙin Ingilishi da aka ɗora a kan kiɗan. Wasu na danganta haka da cewa Lynch ya ba da shaida a kotu a 1803 a kan Thomas Russell, abokin su Bunting, wanda aka rataye bisa laifin tawaye. Ko mene ne dalili, an raba kiɗa da waƙarsa, kuma sai a ƙarni na 20 masana suka zauna suna sake haɗa su. Shi kansa Bunting ya ɗanɗana irin abin da ya yi, domin daga 1808 sha'iri Thomas Moore ya riƙa ɗibar kiɗa daga littafinsa yana ɗora nasa baitocin Ingilishi, yana kuma gyara kiɗan yadda ya ga dama. Moore ya yi suna ya sami kuɗi, Bunting ya yi ta ƙorafin an ɓata kiɗan.

Abu biyu suka wanke shi. Na farko, a littafin 1840 ya jera sunayen tsirkiyoyi da na motsin yatsu kamar yadda makaɗan suka gaya masa, tare da bayanin yatsan da ke kaɗawa da wanda ke dannewa. Na biyu, bai yar da ƙananan littattafan da ya yi rubutun gaggawa a cikinsu ba, wato waɗanda ya cika yana zaune gaban makaɗan, da karce-karcensu da gyare-gyarensu.

Yankewar Salsala

Mutanen Belfas sun gane cewa littafi ba ya haifar makaɗi. A 1808 suka kafa ƙungiya suka buɗe makaranta, suka naɗa Arthur O'Neill malami, yana koya wa makafin yara da kunne kamar yadda aka koya masa. Rashin kuɗi ya rufe ta a 1813. O'Neill ya rasu a 1816, amma kafin nan ya zauna ya ba da tarihin rayuwarsa da baki wani magatakarda ya rubuta, kuma daga nan muka san yawancin abin da muka sani game da zaman makaɗan. A 1819 'yan Ayalan mazauna Indiya suka tara kuɗi aka sake buɗe makarantar, ɗaliban O'Neill suka zama malamai, ta kuma kai wajen 1840. An yi wani yunƙurin a garin Drogheda a 1842.

Daga nan sai babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852 ta auko, mutum kimanin miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura. A gefe guda kuma wani maƙerin kayan kiɗa a Dablin, John Egan, tun wajen 1820 ya ƙera wata sabuwar ƙaramar garaya mai tsirkiyar hanji, wadda ake koyo daga littafi a ɗakunan masu hali. Sannu a hankali ita ta gaje sunan. Makaɗan tagulla suka yi ta raguwa. Ɗaya daga cikinsu, makaho Patrick Byrne, an ɗauki hotonsa a Edinbara a 1845, ya rasu a 1863. Na ƙarshensu sun kai farkon ƙarni na 20, tsofaffi, babu ɗalibai. An ƙirƙiro na'urar naɗar sauti tun 1877, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da aka naɗi kiɗansa.

Komowa Daga Takarda Zuwa Kunne

A 1907 wata mata mai binciken kiɗa, Charlotte Milligan Fox, ta ji labarin jikan Bunting a wani kantin garaya a Landan, ta neme shi, sai ga akwatunan takardun kakansa a hannun iyalin. Ta rubuta littafi a kansu a 1911, takardun kuma suka koma Jami'ar Queen's ta Belfas, inda suke har yau. A 1961 aka gyara garayar Kwalejin Trinity a Landan, aka ɗaura mata tsirkiya na ɗan lokaci, wata makaɗiya mai suna Mary Rowland ta kaɗa ta, mutane suka ji irin amon da littattafai ke faɗi. Daga shekarun 1970 wata Ba'amurkiya, Ann Heymann, ta sami garayar tagulla da aka ƙera a kan tsohon fasali, ta tara farce, ta zauna da rubutun gaggawar Bunting tana gwada yatsa bayan yatsa. Da kaɗe-kaɗen farawan nan uku ta gina littafinta na koyarwa a 1988. Wato takardun da Bunting bai ga sun isa bugawa ba su suka fi amfani. A 2002 Siobhán Armstrong ta kafa ƙungiyar tsohuwar garaya, wadda ta riƙa shirya makarantar bazara a Kilkenny.

Sabuwar garaya ma ta komo ga kunne. An kafa ƙungiyar Cairde na Cruite, wato abokan garaya, a 1960. Máire Ní Chathasaigh ta shigar da kiɗan rawar gargajiya cikin garaya, Janet Harbison kuma ta yi fice wajen koyar da yara ba tare da takarda ba. Hanyar ita ce malami ya kaɗa ɗan guntu, ɗalibai su maimaita har ya zauna, ya ƙara wani guntun, sa'an nan a haɗa. Sai uwar kiɗan ta zauna a ka kafin a kawo rakiyar ɗaya hannun, ado kuma ya zo daga ƙarshe. A watan Disamba na 2019 hukumar UNESCO ta sa kiɗan garayar Ayalan cikin jerin al'adun gado na duniya. Duk da haka masu tsohuwar garayar ba sa ɓoye cewa abin da suke yi sake gini ne daga takarda, domin babu wanda zai iya jero malamansa har zuwa kan Hempson.

Kammalawa

'Yan'uwana marubuta, duk wanda a cikinmu ya taɓa zama gaban tsoho ko tsohuwa da littafi a hannu, yana ɗaukar waƙa ko tatsuniya ko tarihin gari, to a kujerar Bunting ya zauna. Jarrabawar da ta same shi za ta same mu, wato son gyara abin da muka ji domin ya yi daidai da abin da makaranta ta koya mana, ko da abin da masu saye ke so. Tarihinsa ya nuna mana abin yi. Mu rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, in za mu yi gyara mu yi shi a wata takarda dabam, mu kuma adana ta farkon komai muninta. Mu rubuta sunan wanda ya ba mu, da wurin wanda shi ya koya. Kada mu tsaya ga abin da ya iya kawai, mu tambaye shi da me aka fara masa da kuma sunan da yake kiran kowane abu, domin waɗannan ƙananan tambayoyin su suka ba mutanen Ayalan hanyar komowa. In kuma akwai yaron da ke son koyo, mu kai shi gaban tsohon tun yana da rai, kada mu ce littafinmu ya wadatar.

Garayar Hempson, wadda Cormac O'Kelly ya sassaƙa a 1702, tana nan a Dablin, a gidan tarihin kamfanin Guinness. Littattafan gaggawar Bunting suna Belfas. Mai son sanin yadda tsohon ke kaɗawa sai ya haɗa su biyun, ya tara farce, ya yi ta gwadawa.